Murya akwai, ina sauran mutumin?

Jama'ar Sabo! Waƙoƙin da samarinmu suka saki a Sallar nan sun cika wayoyin yara a kasuwa. Murya akwai, masha Allah, amma an bar wa kwamfuta gyaranta har ba ka gane ta wace ce. Baitocin kuwa kiran sunan budurwa ne da lissafin motocin da ba mai irinsu a unguwar nan.

Ku dubi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015. Kuntigi ne a hannunsa, tsirkiya ɗaya tak, amma in ka ji Waƙar Karen Mota sai ka ce tare suka ɗora kaya da yaron. Ya zauna da talaka, ya lura da shi. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma ya durƙusa gaban malamai, shi ya sa Imfiraji take cike da tauhidi da tsoron lahira, har makafi suka riƙe ta suna rerawa gari-gari. Karatunsu da halinsu da zamansu da jama'a duk sun shiga bakinsu.

Yaran namu fa suna da abin faɗi. Hausa a gida, Yarbanci a titi, ga mahauta, ga 'yan goro, ga dattijon da ya shekara talatin bai ga garinsu ba. Wa ya waƙe wannan? Ko ɗaya.

Mai son koyon kari da amsa-amo, makarantar dare tana nan bayan Isha'i, ban da ranar Alhamis. Ya zo da littafin rubutu.