Imfiraji da Karin Caji: Abin da Aliyu Namangi Ya Gane Game da Kunnen Ɗan Adam

Cikin rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20, da wuya a samu wadda ta shiga bakin jama'a kamar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990. Mutanen da ba su taɓa riƙe littafin ba sun haddace baitocinta, wasu daga rediyo, wasu daga bakin makafi masu bara a kasuwa da ƙofar masallaci ranar Juma'a. Masu sharhi sukan fi tsayawa kan saƙonta: yabon Annabi (SAW), tuna mutuwa da kwanciyar kabari, da gargaɗi kan ruɗin duniya. Sai dai irin wannan wa'azi ya cika waƙoƙinmu tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u, kuma da yawansu ba su wuce zaurukan malamai da ɗakunan karatu ba. To me ya fitar da Imfiraji titi? A ganina babban ɓangaren amsar yana cikin karin da aka ɗora ta a kai.

Sanannen abu ne ga manazarta cewa Namangi ya aro karin Imfiraji daga caji, wani kiɗan nishaɗi da ya yi tashe tsakanin samari da 'yan mata a zamaninsa. Masu awon waƙa da ma'aunin Larabci sukan danganta ta da Ramal, shi kuwa Russell Schuh, masanin harshe na Amurka, ya yi nazari na musamman kan karin nata da dangantakarsa da waƙar baka. Abin lura shi ne a birnin da unguwanni irin su Juma da Kona suka yi suna wajen karatun littattafai, malami makaho ya saurari abin da ake rawa da shi a dandali, ya cire kalmomin, ya bar amon, ya zuba maganar lahira a ciki. Bai tsaya jayayya da caji ba, ya mayar da shi abin hawansa.

Binciken halayyar ɗan Adam na baya-bayan nan ya nuna dalilin da dabarar ta ci. Na farko shi ne sabo. A 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai kan sa mutum ya fi son sa, ko da bai san dalili ba. Wanda ya ji Imfiraji karo na farko a wancan lokaci, kunnensa ya riga ya san hanyar. Rabin aikin shawo kansa caji ya gama shi tun a dandali.

Na biyu shi ne jira. A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu a Jami'ar McGill ta Kanada sun gano cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin tun kafin kiɗa ya kai wurin da ke sa tsikar jiki tashi, wato tun lokacin da mai sauraro yake hango zuwansa. Tsarin ƙwar biyar na Imfiraji yana ciyar da wannan jira. Layuka huɗu suna tafiya da amsa-amo guda, kunne yana ƙirga su ba tare da ya sani ba, sai na biyar ya sauke nauyin. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan fasali: umarni guda ne ke maimaita kansa, abin da ake zuba masa ne kawai ke sauyawa. Gaɓar Hausa ma iri biyu ce a awon waƙa, mai nauyi da marar nauyi, kamar sifili da ɗaya a kwamfuta, don haka da zarar kunne ya kama jerin, ya san inda kowace gaɓa za ta faɗi.

Na uku shi ne hadda. Wanda Wallace ta nuna a 1994 cewa mutane sun fi tuna kalmomin waƙa idan an rera baitoci da dama da kari guda, fiye da idan an karanta musu su kawai, amma idan baiti ɗaya tak aka rera, karin ba ya taimakawa. Imfiraji ɗaruruwan baitoci ce a kan kari ɗaya. Ga mawallafin da ba ya gani, wanda ƙwaƙwalwarsa ce takardarsa, da kuma makafin da suka ɗauke ta suka yaɗa, wannan kari shi ne sandar jagora. Kafin kamfanonin ɗab'i na Zariya su kai littafin makarantu, baki da kunne sun riga sun kai waƙar inda littafi bai isa ba.

Duk wannan yabo ne, kuma Namangi ya cancance shi. Amma sharhi na gaskiya sai ya tambayi abin da dabarar ta ci da abin da ta kasa ci. Burin mai wa'azi sauya hali ne, hadda kuwa hanya ce kawai. A nan ne nake ganin karin caji ya karɓi ladan aikinsa. Amon mai daɗi ne, mai gudu, mai sa kaɗa kai. Idan aka ɗora masa bayanin fitar rai da kaɗaicin kabari, kunne yana jin daɗi a daidai lokacin da ake son zuciya ta razana. Wani zai ce wannan ne hikimar: zuma ce aka shafa wa magani mai ɗaci don ya haɗiyu. Haka ne, sai dai akwai mai lashe zumar ya tofar da maganin. Kowa ya san mutumin da zai rera baitin mutuwa yana murmushi, yana tsakiyar tauye mudu. Maimaici yana dasa kalma, kuma shi ne yake dusashe kaifinta. Abin da aka ji sau dubu yakan koma amo kawai.

Shigar waƙar harkar bara ta ƙara wani abu. A bakin mai bara, baitin tuna mutuwa yana da aiki na nan take: ya tausasa zuciya har hannu ya shiga aljihu. Wannan sauyin hali ne na gaske, ana ganin sa da ido, kuma sadaka alheri ce. Amma gajere ne, yakan ƙare da faɗawar kwabo cikin ƙoƙo. Ko mai bayarwar ya gyara mu'amalarsa bayan ya wuce, wannan ba abin da kari zai iya lamunta ba ne.

Akwai kuma darasin da ya fi damuna, domin ya shafi wayar da ke hannunka, mai karatu. Kari ba ya tantance kayan da aka ɗora masa. A 2000 Matthew McGlone da Jessica Tofighbakhsh sun nuna cewa mutane sun fi ɗaukar magana a matsayin gaskiya idan tana da amsa-amo, ko da ma'anarta ɗaya ce da wadda ba ta da shi. Abin da ya ɗauki wa'azin Namangi zuwa zukata shi ne yake ɗaukar waƙar siyasa mai wanke ɓarawo da habaicin da ke zubar da mutuncin wani. A TikTok yau ana ɗaukar sautin da ya yi tashe a ɗora masa sabon saƙo, manhajar kuma tana ƙara tura maka abin da ta ga ka tsaya a kai. Dabarar Imfiraji ce aka miƙa wa na'ura, an cire malamin da ke auna abin da ya dace a faɗa.

Shi ya sa nake ganin muhawararmu kan kiɗa, wadda takan tsaya a kan a hana ko a bari, tana barin tambaya mafi amfani a baya. Namangi ya yarda cewa amo yana da iko a kan mutum, ya kuma ɗauki alhakin abin da zai ɗora masa. Matsayinsa a adabinmu ya tabbata, har Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Abin da ya rage namu ne: a riƙa koyar da Imfiraji tare da tarihin karinta, a kuma sa ɗalibi ya karanta baiti a hankali ba tare da rerawa ba, ya ga me ya rage a hannunsa. A Imfiraji abin da zai rage yana da yawa, domin akwai ilimi da hoto mai ratsa jiki a ƙarƙashin amon. Waƙoƙi da dama da ke yawo a wayoyinmu ba za su tsallake wannan gwaji ba.