Jinjina ga Alarammomi Masu Jan Baƙi

Malami na tsaka da tafsirin azumi a Masallacin Indimi da ke Maiduguri, sai ya ɗauko gutsuren aya don kafa hujja. Kafin ya rufe baki, alaramma ya cafe, ya ƙarasa ta tsaf, ba gargada.

Wannan horon tsangayun Borno ne, inda gwani ke rubuta Alƙur'ani da ka, ya kuma laƙanci harji: sau nawa kalma ta zo, a wace sura, wace aya ce ke kama da 'yar'uwarta har ta rikita mahaddaci. Aikin shekaru ne, da allo da tawada, ga yunwa ga sanyin asuba.

Mukan yabi mai wa'azi, mu manta da masu tsare masa ayoyi. Ranar rufe tafsiri, don Allah a ambace su, a karrama su.