Karin Sauti da Wahalar Mai Fassara

A Sifaniyanci, 'yar alamar da ake ɗorawa bisa wasali ita ke raba "si", wato idan, da "sí", wato na'am. Mai fassara zuwa Turanci yana ganin bambancin da idonsa. Mai fassara Hausa kuwa ba shi da wannan gata.

A ɗauka an aika da takarda daga Katabu zuwa Kaduna, an rubuta, "Direba ya zo Katabu." In aka ja wasalin "ya" da karin sama, labari ne, ya riga ya iso. In aka gajarta shi da karin ƙasa, umurni ne. In karin ya faɗo daga sama zuwa ƙasa, zuwan sai nan gaba. Kunne ba ya ruɗewa, amma takarda ba ta da murya, sai mai fassara ya shiga cinke.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun nuna karin sauti da tsawon wasali. Rubutun yau da kullum, wanda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939, ya bar su, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 kuma ba ta sauya wannan ba. Hujjar ita ce, Bahaushe zai gane daga abin da ya gabata. A dogon labari haka ne. Gajeruwar jimlar hira kuwa ita kaɗai take tsayawa. Saboda haka ya kamata littattafan koyon hira da na fassara su riƙa sa alama, ko da a wuraren ruɗani kaɗai.