Masu hoto, ku bar mana fuskokinmu

Duk wanda ke leƙa Instagram ko Facebook a makon Sallah, ko a watannin da ake rububin ɗaura aure kafin azumi, zai lura da wani abu a hotunan da ke fitowa daga situdiyoyin Kano da Kaduna da Katsina da Abuja: mutanen ciki sun fara kama da juna. Amaryar Fagge da ta Tudun Wada da ta Maraɗi duk hanci ɗaya, fata ɗaya, haske ɗaya. Ba dangi ba ne, ba kuma mai kwalliya ɗaya ce ta yi musu ba. Kwamfutar mai hoto ce ta haɗa su. A can ake goge duk abin da ya bambanta wannan fuska da waccan, sannan a miƙo wa mutum wata baƙuwar fuska a ce ga hotonsa.

Ba raina sana'ar nake yi ba. Matasan da ke riƙe da kyamara a Arewa yau sun fi na shekarun baya kayan aiki nesa ba kusa ba, kuma da yawansu sun san aikin. Akwai wanda zai tsayar da iyali mai mutum ashirin, daga kaka har jinjiri, ya jera su yadda babu wanda ya tare wani, ya sa yaron da ke kuka ya yi dariya, ya danna a daidai lokacin. Wannan gwaninta ce, kuma wayar hannu komai tsadarta ba za ta yi maka ita ba. Ina cikin masu ganin cewa kuɗin da aka biya ƙwararren mai hoto ba asara ba ne, ko ga iyali ko ga mai ƙaramar sana'a. Damuwata ita ce abin da ake biya yanzu ya tashi daga ɗaukar hoto ya koma gyaran hoto, gyaran kuma ya wuce gona da iri.

Ga yadda abin yake tafiya. Baƙa za ta shiga situdiyo ta fito wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ta fito fara sol. Ana murje fata har ta koma sumul kamar ɓararren ƙwai. Ana rage hanci, a ƙara ido, a haske haƙora, wani lokaci har wushirya a toshe, abin da mawaƙanmu suka daɗe suna yabo. Dattijuwa mai shekara saba'in za a cire mata duk tamojin da shekaru suka ba ta, a bar ta da kumatun budurwa a ƙarƙashin furfura. Wanda ya fi ci mini rai shi ne goge zane. Na ga hoton wani dattijo Bagobiri da aka shafe masa tsagar fuskarsa gaba ɗaya, wai don hoton ya yi tsaf. Al'adar tsaga tana ƙarewa, yaran yanzu ba a yi musu, kuma ba na kukan hakan. Amma wannan shi ne ma dalilin da ya sa bai kamata a goge ta a hoton waɗanda ke da ita ba. Nan da shekara hamsin, hoton ne kaɗai zai nuna wa jikoki asalin kakansu.

Idan ka yi wa mai hoto magana, amsarsa ɗaya ce: kwastoma ce ta ce a gyara ta. Kuma gaskiya ya faɗa. Sau da yawa ana dawo masa da hoto a ce ya yi baƙi, a ƙara haske. A Najeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin ɗari na mata suna amfani da mayukan sauya launin fata, ba abin mamaki ba ne a nemi bilicin a hoto ma, tunda shi ba ya ƙona fata kuma ba ya cin kuɗi kowane wata. Sai dai ban yarda laifin kwastoma ne kaɗai ba. Mutane suna neman abin da suka saba gani ne, kuma masu hoto ne suka cika shafukansu da irin waɗannan fuskoki har suka zama ma'auni. Yarinyar da ba ta taɓa ganin an ɗauki baƙar mace hoto ta yi kyau a baƙarta ba, me za ta nema in ba fari ba?

Wani zai ce ai tun da can hoton situdiyo ba gaskiya zalla ba ne. Haka ne. Duk wanda ya buɗe tsohon albam na gidansu zai ga babansa ya jingina da rediyon da ba tasa ba, ko innarsa ta riƙe kan tarhon da ba a jona da komai ba, ga furen roba a kan tebur, ga labulen da aka zana wa gidan bene da jirgin sama. Haka ake yi a duk yankin nan na Afirka ta Yamma. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yana ajiye wa kwastomominsa kwat da agogo da alƙalami da rediyo, har da babur ɗin Vespa, su ara su yi hoto da su. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, da zane mai ado a bayan mutum a matsayin labule. Mutanen Bamako sun je ne don su fito da kyau, kuma sun fito. Amma duk abin da Keïta ya ƙara, a kewayen mutum ya ƙara shi. Fuskar ta mai ita ce, da baƙinta da zanenta da kallonta. Shi ya sa hotunan da aka ɗauka don a aika wa dangi a ƙauye suka kai ga babban zauren baje koli na Grand Palais a birnin Faris a 2016. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi lambar girmamawa ta Zakin Zinariya a baje kolin Benis a 2007 da hotunan samari da 'yan matan unguwa. A Yamai, Philippe Koudjina ya bar wa Nijar hotunan matasan birnin na shekarun 1960 da 1970. A nan Najeriya, J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitso a 1968, ya tara kusan dubu, kuma yau masu bincike a kan kitson matan ƙasar nan wurinsa suke komawa. Duk waɗannan hotuna sun yi daraja ne saboda za a iya yarda da abin da suka nuna. Ina tambayar kaina, wa zai koma ga hotunan bikin da ake fitarwa yanzu don ya san kamannin Hausawan wannan zamani?

Akwai kuma batun ƙwarewa da ba a cika faɗa ba. Ɗaukar baƙar fata hoto yana buƙatar sanin haske. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin fim ɗinsa da wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, don haka fim ɗin ya fi iya fatar Turawa, baƙi kuwa sai su fito duhu, ido da haƙora kawai ake gani. Cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka gyara har da masu sayar da cakulan da masu kayan katako, da suka ce hotunan tallarsu ba sa bambanta launin ruwan ƙasa mai duhu da mai haske. Kyamarorin yanzu sun wuce wannan matsala sosai, amma har yau wanda bai iya sarrafa haske ba zai haska filasha kai tsaye a fuska, goshi ya yi ƙyalli, sauran fuska ta mutu, sai ya koma kwamfuta ya ɗaga hasken gaba ɗaya ya kira shi gyara. Wanda ya iya kuwa zai tausasa hasken, ya kawo shi ta gefe, ya sa faifan da ke maido da haske a ɗaya ɓangaren, sai ka ga baƙar fata tana sheƙi a launinta. Da yawa daga cikin farin da ake lafta wa mutane ɓoye gazawar mai hoto ne.

Wannan labari na masu cakulan ya kai ni ga 'yan kasuwa, inda ɓarnar ta fi fitowa fili domin a nan kuɗi ne ke magana. Dubban mata a Arewa suna kasuwanci daga cikin ɗakunansu: atamfa da leshi da abaya, turaren wuta da humra, dambun nama da yaji da cincin, kayan kicin, kayan jarirai. Tun da WhatsApp ya kawo sitatus a 2017, shagon da yawansu ke nan. Mai saye ba ta taɓa kaya ba, ba ta shinshina ba, hoto kawai ta gani ta tura kuɗi. To a irin wannan ciniki hoto shi ne alƙawari. Idan aka ƙara wa atamfa launi har shuɗi ya koma wani shuɗin daban, ranar da kaya suka iso rigima ce. Mai ɗinkin da ta ɗauko hoton rigar wata tela a Legas ko Dubai ta sa a shafinta za ta samu oda, sau ɗaya. Kowa ya san irin hotunan da ake yaɗawa ana dariya, na abin da aka yi oda da abin da aka kawo. Wadda aka yi wa haka ba ta dawowa, kuma sai ta faɗa wa duk matan zaurensu na WhatsApp.

Abin da ƙwararren mai hoto zai yi wa irin wannan 'yar kasuwa ba ƙawata kaya fiye da yadda suke ba ne. Zai daidaita launi ya fito yadda ido ke ganinsa da rana, ya nuna saƙar shadda kusa-kusa, ya nuna bakin ɗinki da cikin riga, ya ajiye kwalbar humra kusa da hannu don a san girmanta. Mai kilishi ya nuna kaurinsa da yajinsa, ba jan launin kwamfuta ba. Sannan ga hoton mai sana'ar kanta. A zamanin da 'yan damfara suka cika intanet, mutane sun fi sakin jiki su tura kuɗi idan sun ga akwai mutum a bayan shafin. Na san ba kowace mace ce za ta so fuskarta a waje ba, wata don addini, wata don maigida, wata don ra'ayinta, kuma wannan ba matsala ba ce. Hoton hannunta da lalle tana haɗa turare, ko tana kan keken ɗinki an ɗauko ta ta baya, ya isa ya nuna cewa aikin nata ne. Mai hoto na ƙwarai ya san yadda zai yi wannan cikin mutunci. Game da tsada kuma, ba sai kowace ta ɗauki mai hoto ita kaɗai ba. Mata huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su kira shi yini guda, kowace ta fito da kayanta.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Mutum zai loda hoton fasfo, manhaja ta sa masa babbar riga da rawani ta zaunar da shi a fadar da bai taɓa shiga ba. Don nishaɗi ba laifi. Amma masu hoton da suka mayar da sana'arsu murje fuska su sani cewa wannan aikin manhaja ta fi su iya shi, kuma kyauta take yi ko da kuɗin data. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta je gidan Alhaji ranar Sallah ta tarar da 'ya'ya da jikoki sun hallara, ta ɗauke su a zauren da suka tashi a cikinsa.

A nan ma ina da ƙorafi a kan mu iyalai. Muna kashe dubban ɗaruruwa a hotunan kafin aure da na kamu da na dina, amma gidaje nawa ne suka taɓa kiran mai hoto don tsofaffinsu kawai? Sai an yi rasuwa a shiga neman hoton da za a sa a sanarwa, a ƙare da na katin zaɓe ko na fasfon Hajji. Waɗanda aka ɗauka ɗin ma ba a wanke su. Suna cikin waya, wayar ta faɗa ruwa ko a ƙwace ta a adaidaita sahu, shi ke nan hoton suna da na saukar Alƙur'ani sun tafi. Iyayenmu da fim mai ɗaukar hoto 36 kacal suka yi aiki, amma nasu suna nan a albam da jikin bango. Sai kuma a riƙa yin magana tun farko a kan inda hoto zai je. Ba daidai ba ne mai hoto ya ɗauki matar mutum ko 'yarsa ya sa a shafinsa don talla ba tare da izini ba, kuma ana yin hakan kullum.

Ba cewa nake kada a taɓa hoto ba. A cire ƙurjin da ya fito ranar biki, a share gumi, a gyara inuwar da ta faɗo ba daidai ba, a kawar da wayar lantarkin da ta ratsa bayan mutane. Duk abin da zai tafi da kansa cikin mako guda, a cire shi. Abin da mutum ke yawo da shi tsawon rayuwarsa, launinsa da hancinsa da zanensa da shekarunsa, a bar masa.

Don haka idan za ku je situdiyo da Sallah, ku faɗa wa mai hoto tun kafin ya danna cewa launinku kuke so. Ku nemi ya nuna muku hotunan baƙaƙen mutane da ya taɓa ɗauka. Idan duk wanda ke shafinsa fari ne, ku nemi wani. Ku tafi da tsofaffinku, ko ku kawo mai hoton gida ya same su. In an gama, ku zaɓi ko guda biyar ne a wanke muku su a takarda.