Littafin Shaihu Umar A Hannun Yaron Kakau

Cikin shekarar 1933 Ofishin Fassara na Zariya, wanda Dokta R. M. East ke shugabanta, ya yi shela ga malaman Arewa, aka ce kowa ya ƙago labari daga kansa ya rubuta da boko, a ga gwani. Littattafai biyar aka zaɓa aka buga. Ruwan Bagaja ya fi su ban dariya, Ganɗoki ya fi su cika baki da ƙarar takobi, amma wanda ya fi nauyi a zuciya shi ne Shaihu Umar, na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Lokacin nan mai littafin saurayi ne ɗan shekara 22, bai daɗe da fitowa Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauci. Ba wanda ya zaci shi ne zai zama Firayim Minista na farko a Nijeriya.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wani babban malami a Rauta almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya warware musu. An haife shi a Kagara. Mijin uwarsa, Makau, bafade ne, mahassada suka yi masa ƙage bayan an komo daga hari, suka ce ya ɓoye bayi, Sarki ya kore shi. Aka sace Umar yana ƙarami, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan, har wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi daga Kano ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Uwar ta fita nemansa, aka yaudare ta, ita ma aka sayar. Da Allah ya sada su bayan shekaru, ba ta jima ba ta rasu.

Ku 'yan makaranta, abin da ya kamata ku fara lura da shi, hanyar nan da Umar ya bi ba ƙagaggiya ba ce. Ita ce tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Kano da Murzuk da Tarabulus, wadda ta sa Kano ta zama Kano. Ta nan ake fita da baƙaƙen rini da jar fata da hauren giwa da gashin jimina, ta nan kuma ake shigo da takarda da alharini da duwatsun wuya da takubba. Bayi kuwa suna cikin kayan, ana lissafa su kamar yadda ake lissafa ɗaurin fata. Turawan nan masu yawon bincike ta cikin hamadar nan suka ɓullo: Kilafatan ya iso Kano a 1824, Dokta Barth a 1851, kowannensu daga Tarabulus ya taso, ya ratsa Murzuk. Sun rubuta nisan zango da zango, da farashin kasuwa, har da ƙasusuwan bayin da suka tarar a bakin rijiyoyi. Amma a kan raƙumi su ke, suna kallo daga bisa. Malam Abubakar shi ya sauko da mu ƙasa, ya sa mu cikin ayarin, muka ji abin da uwa ke ji sa'ad da ta gane wanda ya ce zai kai ta wurin ɗanta ciniki ya ke yi da ita. Wannan kaɗai ya isa a girmama littafin.

Hausarsa kuma tatacciya ce, ba kwarmato. Ko inda guguwar rairayi ta binne ayari, mai labarin bai ɗaga murya ba, faɗi ya ke yi a hankali irin na dattijon da ya riga ya sallama wa ƙaddara. Sai dai sa'a ta yi yawa a ciki. Kura ta cinye ɓarawon yaro ta bar yaron, ayari ya hallaka Umar ya tsira, kuma duk faɗin ƙasar Larabawa sai ga shi ya yi kiciɓis da uwarsa. Wannan gadon tatsuniya ne, ba na kama shi da laifi ƙwarai.

Inda na ke da magana babba shi ne a kan harin nan na farkon littafi. Wace ƙasa aka kai wa hari? Ƙasar Gwari, watau mutanen da ke kiran kansu Gbagyi. To, yaron da ke karanta littafin nan a Kakau, kudu da kogin Kaduna, a tsakiyar ƙasar Gbagyi ya ke zaune, wataƙila ma kakannin kakanninsa aka far wa. In ya duba zai ga an faɗa masa sunan bafade, da na Balarabe, da na malamin da ya karantar da Umar, amma manoman da aka kama ko ɗaya ba shi da suna, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Abin da ya dami labarin shi ne ko Makau ya ɓoye ganima ko bai ɓoye ba. Hakkin ganimar ita kanta, ba wanda ya tambaya. Muna kuka don Umar ɗa ne aka mai da shi bawa bisa zalunci, su kuwa waɗancan sai ka ce dama don haka aka halicce su. Ashe ciwon rabuwa da uwa yana tambayar ƙabila?

Wani zai ce ai Shaihu Umar ne ke magana, mutumin zamanin hari, dole ya ga duniya da idon zamaninsa. Gaskiya ne, kuma wannan ya sa littafin ya zama shaida mai ƙarfi, gama ya nuna yadda mutumin kirki, mai ilmi, mai tsoron Allah, zai ɗanɗani bauta har ta cinye masa uwa, amma bai ga aibin ta ga maƙwabcinsa ba. Duk da haka mai alƙalami yana da iko. Da ya ba wata Bagwariya guda baki ta faɗi sunan garinsu, da littafin ya ninka girmansa. Hare-haren nan kuwa ba tatsuniya ba ne, don Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kwantagora, ya yi ta kwasar ƙasar Gwari har Turawa suka kore shi a 1901.

Akwai kuma abin da ya kamata ku riƙe game da wanda ya buga littafin. Labarin da ke nuna munin fataucin bayi ya yi wa Gwamnatin Ingilishi daɗi, don da hujjar kashe shi ta ci ƙasar. Ta kuwa hana hari da kasuwar bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da ya ke sai 1936 aka soke bauta ɗungum. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci teku, gyaɗa da auduga suka maye gurbin kayan ayari, aka kafa Kaduna, hedkwata ta taso daga Zungeru a 1917. Dogon nan ta ƙasar Gbagyi ya ratsa, ya bi ta Kakau kafin ya kai bakin kogi. Su wa suka sare dajin, suka ɗauki ƙasa a ka? Da yawansu talakawan Nufe ne da Gbagyi, waɗanda aka ɗebo ta hannun sarakuna, ko suna so ko ba su so. A 1909 mutanen Gusoro, a ƙasar Gbagyi, suka yi tawaye har suka kashe Baturen mulki da 'yan sandan da ke tare da shi, aka aiko soja aka murƙushe su. Cikin littattafan nan biyar na gasar Zariya ba inda za ku sami wannan labari.