Sharhi a kan Babin Husufi, warƙa ta tara

Wannan babi shi ne mafi kyau a littafin, shi ne kuma wanda hannun masu juya ya fi ɓatawa. Kwafin da muka dogara a kansa na Gure ne, rubutun Barno, da jan wasali, amma lissafinsa duka da haruffan abajada yake. Nan matsalar ta faro.

Mai littafi, Allah Ya jiƙansa, ya kafa ƙa'ida biyu: rana ba ta yin husufi sai a ƙarshen wata, ranar 28 ko 29, wata kuwa sai a tsakiya. Wannan daidai ne. A ƙarshen wata ne wata ke shiga tsakaninmu da rana ya tare ta, a tsakiya kuwa ƙasa ce ke shiga tsakaninsu, inuwarta ta faɗa a kan wata. Sai dai a kwafinmu daren farko da ya ambata an rubuta shi ya da ha ƙarami, wato 18. Ka sani, ya kai almajiri, husufin wata a daren 18 ba ya yiwuwa, don ya riga ya goce daga fuskantar rana, har ya fara zaizayewa. Jimun ne ɗigonsa ya faɗi: ya da jimun 13 ke nan, kuma 14 da 15 da suka biyo baya sun shaida haka. Mun gyara a matani. Wanda ya hardace da 18, ya sake.

Inda muke da magana da malam shi ne ya tsaya a rabin hanya. Yaro mai kaifi zai tambaya: in haka ne, me ya hana husufi kowane wata? Bai amsa ba, alhali malaman falaki sun daɗe da amsawa. Hanyar wata ta karkace wa hanyar rana da kamar daraja 5, ba sa gamuwa sai a wuri biyu, Ra'asu da Zanabu. In haɗuwar ba ta zo kusa da ɗayansu ba, wata ya wuce ta sama ko ta ƙasa, shi ke nan. Rana kan iso ɗayan wuraren nan bayan kowane kwana 173, shi ya sa husufi ke zuwa damina-damina, kusan wata shida tsakani.

Ga misali da idonmu ya gani. Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, ƙarshen Safar 1427, da hantsi, duhu ya bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi. Nan Gure ma saura ƙiris rana ta rufe. Ƙirga wata 223 daga nan, shekara 18 da wata 7, za ka sauka ƙarshen Ramadan 1445. Ranar 8 ga Afrilu 2024 irinsa ya dawo, amma a Amurka, don akwai rarar sulusin yini da ƙasa ke juyawa a cikinta.

Amma abin da wani hannu ya ƙara a gefe da baƙin tawada, wai husufin Safar alamar mutuwar sarki ne, na Rajab kuma fari, wannan ba maganar mai littafi ba ce, alƙalamin ma daban. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu, shekara ta 10 bayan Hijira, an yi husufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, Annabi ya kore wannan zato, ya umarci a yi salla. Mun bar ƙarin a hashiya don amanar kwafi, ba don a karantar da shi ba. Yadda ake sallar, da bambancin ta rana da ta wata a mazhabarmu, a duba babinta a Risala. Wallahu a'alamu.