Jinjina ga Masu Gyaran Dashbod

Duk wanda ya san yadda zafin rana da bushewar hunturu ke tsattsaga dashbod ɗin tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, haƙiƙa zai yaba wa ma'abota wannan sana'a na kasuwar Panteka. Da yake sabo ya yi wuyar samu, aljihun direban haya kuwa ba ya ɗaukar tsadarsa, sai su kankare bakin tsagar, su cike ta da soso da gam, su goge har ta daidaita, sa'an nan su lulluɓe da baƙar leda, suna ja suna lallaɓawa a kusurwoyi, inda hikimar gwani ke bayyana, alhali ladan da suke karɓa bai taka kara ya karya ba.